Ɗan Mahauta da Tsofaffin Ɓeraye

A gidansu Auta, yaro kan iya riƙe wuƙa tun bai iya ɗaure wandonsa da kyau ba. Mahauta ne kaka da kakanni. Baba mahauci, Yaya mahauci, hatta mazan da yayyensa mata suka aura, in ka matsa kusa da su ba za ka rasa jin ƙanshin kitse a rigunansu ba. Auta ne kaɗai ya fita zakka. Kuma kada a yi masa ƙage, ba jini yake tsoro ba. Yana iya wuni yana wanke kayan ciki yana 'yar waƙarsa. Abin da ba ya iya jurewa shi ne ɗan lokacin nan da dabba take kallon mutum, sannan ta daina kallo. Ranar da aka fara miƙa masa wuƙa, akuyar da aka kayar ta juyo ta lashi hannunsa. Ya saki wuƙar ya ranta a na kare, sai da yamma aka samo shi a bayan makaranta. Baba bai doke shi ba. Yaya ne ya ɗauki zancen ya mayar da shi abin hira, kuma har gobe bai ajiye shi ba.

Da yake ba a zaman banza a gidan, sai aka ba shi aikin kawuna. In an gama fiɗa, a tara masa kawunan tumaki a daro, shi kuma ya fasa su da ɗan gatari ya fito da ƙwaƙwalwa. Nan ne abin ya shige masa rai. Sai ya ɗora ƙwaƙwalwa a tafin hannu ya yi ta kallon lanƙwashe-lanƙwashenta, masu saye na tsaye suna jira. Ya taɓa tambayar Yaya ko a wane lungu na wannan abu mai laushi tunkiya take ajiye hanyar gida. Yaya ya ce a ƙafa take ajiye ta, ya kuma ce ya yi sauri ƙudaje sun fara taruwa.

Tambayar ba ta sake shi ba. Ita ta kai shi jami'a, ita ta dawo da shi malamin kimiyyar halittu a wata sakandare mai rufin kwano, inda ya yi shekara da shekaru. Ɗalibansa sun fita ba su taɓa fede kwaɗo ba, domin duk lokacin da darasin ya zo sai Malam ya zana kwaɗon a allo, zane mai kyau, har da 'yan yatsu. Amma a darasin ƙwaƙwalwa babu makarantar da ta kama ƙafarsu. Da sassafe yake biyawa ta teburin Yaya ya karɓo ta gaske a kwano mai murfi, ya sa kowane yaro ya taɓa. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, kuma duk unguwa an san cewa in matarsa ta sayo kaza, gidan maƙwabci take aikawa a yanka mata. Ba ta taɓa yi masa gori ba. Takan ce ita ta san abin da ta aura.

Shekaru yana tura takardun neman gurbin digiri na biyu a ilimin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a ƙasashen waje, shekaru ana ba shi haƙuri. Sai da furfura ta fara leƙowa a gemunsa sannan wata jami'a ta amsa, har da tallafin karatu. Makarantarsa ta ba shi hutu, shugaban kuma ya faɗa masa ƙarara cewa irin wannan hutu sau ɗaya ake ba mutum. Matarsa ta ce ya tafi, ita za ta riƙe gida da yara. Yaya ya yi ta shela a kasuwa cewa ƙaninsa zai hau jirgi ya je ya koyo abin da su suke sayarwa a kwano. Baba dai ya sa masa albarka, ya ce ya riƙa rufe kansa in ana sanyi.

Ɗakin da aka ba shi a can ɗan tsukuku ne, tagarsa tana kallon bangon wani gini. Bai damu ba, don kwana kawai yake kai shi. Rayuwarsa tana ƙarƙashin ƙasa, a ɗakin dabbobi na sashensu, inda sai ka sa farar riga da hula da safar hannu kafin ƙofa ta buɗe maka. Jan fitila ake kunnawa a ciki da rana tsaka, domin ɓera ya ɗauka dare ne ya tashi harkokinsa. Ɗakin yana warin dusar katako, injin iska yana ta gurnani ba ya hutawa.

Mai duba aikinsa wata Farfesa ce, 'yar ƙaramar mace mai saurin tafiya, wadda ba a taɓa ganin ta ci abinci a zaune ba. Ita ta ba shi aikin tsofaffin ɓeraye. Ana so a gane ko motsa jiki yana taimakon ƙwaƙwalwar da ta tsufa. Wasu an sa musu wata taya a keji, su shiga su yi ta gudu tana juyawa, wasu kuma ba a sa musu ba. Kullum Auta zai ɗauko su ɗaya bayan ɗaya ya saka a wani faffaɗan akwati mai lunguna, ya ga wa zai tuna lungun da aka ɓoye abinci. A ƙarshe kuma a duba ƙwaƙwalwar kowanne a madubin bincike, a ga ko ta yi sababbin ƙwayoyi.

To, ta yaya ake duba ƙwaƙwalwar ɓera a madubi? Sai an ciro ta. Kada wani ya ce Auta bai sani ba. Ya sani sarai, a rubuce yake cikin tsarin aikin, kuma ya sa hannu. Ya dai karanta shi ne yadda mutum yake karanta illolin magani a jikin kwali, ya ce wannan wasu ake nufi.

Tun ranar farko Farfesa ta ja musu kunne, shi da abokiyar karatunsa, wata yarinya da yake ce wa Doguwa, wadda a haife ya kusa haifarta. Ta ce kowane ɓera yana da lamba a wutsiya, da lambar za a kira shi, kada wanda ya raɗa musu suna. Ta kuma ce dole a riƙa ɗaukarsu kullum ana shafa su har su saba da hannu, don ɓeran da ke cikin tsoro ba ya koyon komai, kuma tsoron yana ɓata sakamako. Auta ya ɗauki umarni na biyu da hannu bibbiyu. Na farkon kuwa bai kai mako ba.

Ai ba laifinsa ba ne, a cewarsa. Akwai wani mai dogon gashin baki da yake tsayawa a mararraba ya yi ta nazari kafin ya zaɓi lungun da ba shi ba, wannan dole a ce masa Kawu. Akwai Ci-ka-kwanta, wanda aka sa wa taya ya mayar da ita gado. Akwai Ɗan Dambe mai yagaggen kunne. Sai kuma wani ƙato mai furfura a baki, wanda ba a taɓa shi bai yi mita ba. In ka ɗauke shi ya yi ƙorafi, in ka ajiye shi ya yi ƙorafi, in ya samu abincin ma sai ya ci yana gunaguni. Namiji ne, amma Auta ya duba duk danginsa bai ga wanda ya dace da shi ba sai ƙanwar Baba, don haka ya zama Gwaggo. Shi ya fi kowa daƙiƙanci a akwatin lunguna, kuma shi Auta ya fi so.

Hannun Auta kuwa sai wanda ya gani. Tsofaffin nan da suke cizon kowa, in ya zura hannu a keji su da kansu suke hawowa. Gwaggo yakan cusa kai a lanƙwasar gwiwar hannunsa ya yi barci, yana mita ƙasa-ƙasa. Har allura aka koya wa Auta, ta ruwan gishiri, ya kuma sami takardar izini, domin in shi ya yi musu ko motsi ba sa yi. Farfesa, wadda yabo yake yi wa wuya, ta ce ba ta taɓa samun sakamako mai tsabta irin nasa ba. A ƙasar da bai san kowa ba, inda maƙwabcin ɗakinsa ko gaisuwa ba ya amsawa da kyau, su ne suke murnar ganinsa kowace safiya. Da harshen gida yake yi musu magana. Yana ba su labarin yara, yana yi wa Ci-ka-kwanta faɗa a kan lalaci. Kewa ce take cinsa, kuma su suke rage masa ita.

Da lokacin gama gwaji ya matso, sai Auta ya zama mai yawan shawarwari. Ya ce a ƙara mako guda don a tabbatar. Aka ƙara. Ya ce ya lura wasu suna jan ƙafa, ya kamata a auna wannan ma. Aka auna. Da ya zo da shawara ta gaba, wai a gwada ko suna bambance ƙamshi, Farfesa ta ajiye kofin shayinta, ta rufe ƙofar ofis, ta yi abin da ba a saba gani ba, wato ta zauna.

"Ka sa musu suna, ko?"

Ya sunkuyar da kai kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa.

Ba ta yi faɗa ba. Ta bayyana masa cewa ƙwayoyin da ake nema ba sa jiran kowa. In aka wuce makon nan, alamar da aka sa wa ƙwayoyin don a gane su za ta dushe, wahalar da shi da ɓerayen suka sha ta tashi a banza. Tsofaffi ne, ko an bar su ba za su daɗe ba, kuma doka ba ta yarda a fita da su daga ginin ba. In babu ƙwaƙwalwa babu kundin bincike, in babu kundi babu digiri, tallafinsa kuma ba za a sabunta shi ba. Ta ce ba dole sai shi zai yi allurar ƙarshe ba, duk mai izini zai iya, kuma babu abin kunya a ciki. Amma a makon nan za a yi.

Da yamma ya kira matarsa. Ya yi ta kewaye-kewaye, yana tambayar makarantar yara da famfon da ke yoyo, har ta gaji ta ce ya faɗi abin da ke ransa. Da ya faɗa, ya yi zaton za ta yi dariya, ko ta tuna masa irin nauyin da ta ɗauka ita kaɗai tun tafiyarsa. Tana da hakkin yin duka biyun. Sai ta ce, "Malam, ni ba zan ce maka ɓera ba komai ba ne, tunda kai ka zauna da su. Amma ka nemi wanda zai yi maka. Ai kazarmu ma ba ta taɓa kwana da rai don ba ka iya ba."

Haka ya samu Doguwa. Ta yarda ba tare da ja-in-ja ba, a kan shi kuma zai taya ta zaman madubi, aikin da ke sa mata ciwon kai. Suka shirya cewa za a raba aikin kwana biyu. Shi zai turo kejin zuwa ɗakin aiki, ya fita, ta yi allurar da za ta sa su barcin da ba a tashi, in komai ya lafa ta kira shi. Auta ya ji kamar an sauke masa dutse. Ya gaya wa kansa cewa wannan tsari ne na masu hankali.

Da safe ya turo kejin farko a kan amalanke. Ɗakin aiki ba jan fitila gare shi ba, fari ne fat, ga teburin ƙarfe, ga allurai a jere a kan tire. Kawu ne a gaba. Auta bai dube shi ba. Ya ce wa Doguwa yana nan a baranda, ya juya, har ya kama hannun ƙofa.

Sai ya ji ƙara. Bai taɓa jin Kawu ya yi irinta ba, siririya mai tsini, ta shiga kunne ta tsaya. Ya waiga. Doguwa ba muguwa ba ce, kuma riƙon da ta yi masa daidai yake da yadda aka koyar. Amma Kawu bai san hannunta ba. Yana ta wutsil-wutsil, ya yi fitsari a safar hannunta, idanunsa sun firfito, gashin bakin nan da yake nazari da shi yana ta karkarwa. Sauran da ke cikin keji suka ji, suka dunƙule a kusurwa guda. Doguwa ta ce wa Auta ya fita kawai, yanzu za ta shawo kansa.

A nan Auta ya ga abin da tsarinsa na masu hankali yake nufi. Watanni ya yi yana koya wa dabbobin nan cewa hannu ba abin tsoro ba ne. Yanzu kuma, a ranar da suka fi bukatar wannan hannu, zai je ya tsaya a baranda don kada ransa ya ɓaci, su kuma su tafi cikin firgita. Ransa yake tausaya wa, ba su ba. Kunya ta kama shi, irin wadda duk tsokanar Yaya ba ta taɓa sa shi ji ba.

"Ba ni shi," ya ce.

"Ka tabbata?"

"Ban tabbata ba. Ba ni shi."

Kawu yana jin ƙanshinsa ya lafa. Zuciyarsa tana bugawa da sauri a tafin hannun Auta, sannan ta riƙa sassautawa. Auta ya jingina shi da ƙirjinsa, yana shafa bayan kunnensa da babban yatsa, yana yi masa magana da harshen gida. Ya ce masa ya yi ƙoƙari, ko da yake bai taɓa gane lungun nan ba. Ya ce masa ya yafe masa. Ya miƙa hannu Doguwa ta ba shi allurar. Ya yi wa Kawu ita da kansa. Kawu ya ɗan zabura kaɗan kamar yadda yake yi wa ta ruwan gishiri, ya gyara kwanciya, ya ci gaba da kallonsa. Auta bai kau da kai ba. Ya tsaya har kallon ya ƙare.

Hawaye suka jiƙa masa abin rufe hanci, Doguwa ta yi kamar tana gyara tire. Da ya ajiye Kawu, shi da kansa ya buɗe kejin ya ɗauko na gaba. Haka suka yi har rabon ranar ya ƙare, yana riƙewa yana allura, sannan su yi sauran aikin tare.

Da suka tashi, ya fita ya zauna a kan matakalar bayan gini, inda masu shan taba suke tsayawa. Ya ciro waya. Ba matarsa ya kira ba, ya kira Yaya, don Baba ba ya riƙe waya, yana cewa tana sa mutum magana ba dalili. Hayaniyar kasuwa ta cika kunnensa, da sautin sara a kan gungume. Da ya faɗi abin da ya yi, Yaya ya kwashe da dariya, ya fara kiran maƙwabtan tebur su zo su ji, yau Auta ya shiga sana'ar gado, da ɓera ya fara. Sai dariyar ta yanke. Wani ya karɓe wayar.

"Da hannunka?" Muryar Baba ce, ta tsufa fiye da yadda ya bar ta.

"Da hannuna, Baba."

"Sun wahala?"

"Na farkon ya tsorata kafin in karɓe shi. Sauran barci kawai suka yi."

Baba ya tambaye shi ko ya ci abinci. Ya ce ba zai iya ba. Baba ya ce ya sani, amma ya nemi ko shayi ne ya sha da zafinsa, ya wanke hannu da ruwan ɗumi, kada ya koma ɗaki ya zauna shi kaɗai. Tunda Auta ya zo duniya, Baba bai taɓa yi masa maganar aiki da irin wannan murya ba, muryar da yake yi wa Yaya magana da ita in sun tashi kasuwa.

"Da saura?"

"Da saura gobe. Har da wanda na fi so. Shi nake so in bari ƙarshe."

"A'a," in ji Baba. "Da shi za ka fara. In ka bar shi ƙarshe, zai wuni yana jin abin da ake yi wa 'yan'uwansa, kai kuma ka zo kansa hannunka ya gaji, zuciyarka ta gaji. Wanda ka fi so, shi ake ba hannu tun yana da kyau."

Auta ya ce to. Ya so ya ƙara wata magana, amma Baba ya riga ya miƙa wa Yaya wayar yana cewa a kashe, ga mai saye yana jira.

Ya sha shayin. Ya bi Doguwa da ƙawayenta ɗakin cin abinci ya zauna a cikinsu, bai ci ba, bai kuma gane rabin abin da suke wa dariya ba, amma ya zauna.

Washegari ya riga kowa sauka ƙarƙashin ƙasa. Ya sa farar riga da hula da safar hannu, ya bi layin kejin a cikin jan hasken nan, ya wuce na Ɗan Dambe, ya wuce na Ci-ka-kwanta da ke barci a cikin tayarsa. Ya tsaya a na ƙarshe ya buɗe, ya zura hannu. Gwaggo ya ɗago farin bakinsa, ya shinshina yatsun, ya hawo a hankali irin na tsofaffi, yana mita tun kafin a ce masa komai.